RUWA BA YA TSAMI BANZA: A RIƘA AUNA RIJIYOYINMU KUSA DA RAMUKAN GAWAYI

A wannan fitowa za mu yi magana a kan gawayin ƙasa, wanda wasu ke kira kwal, da abin da haƙarsa ke iya yi wa rijiyoyi da idanun ruwa. Wani zai ce mene ne haɗin makiyayi da gawayi? To haɗin yana can ƙarƙashin ƙasa, inda idonmu ba ya kai, amma igiyar gugarmu tana kai.

A wani taro da muka yi da masu rijiyoyi, wani dattijo da ke zaune ba nesa da wani wurin haƙar ma'adinai ba ya miƙe ya ce a zamanin mahaifinsa igiya gaba 14 ke kai guga ga ruwa a rijiyarsu, yau sai ya ƙulla gaba 19, kuma ruwan ya sake ɗanɗano, har raƙuma kan sunsuna su ja da baya. Ya ce ya kai kuka inda ake kai kuka. Ma'aikacin da ya saurare shi bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi kujera, ya ba shi ruwan sha, sannan ya yi masa tambaya guda: «Baba, ina takardar da ta nuna yadda ruwan yake a da?» Dattijo ba shi da ita. Mu ma da muke zaune wurin taron ba mu da ita. Nan magana ta mutu.

Wannan tambaya ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk inda ake haƙar gawayi, ko ake shirin haƙarsa, dole ne a riƙa auna zurfin ruwa da lafiyarsa tun kafin a sa diga, a ci gaba da aunawa muddin ana aiki da bayan an tashi, a yi awon a gaban idon makiyaya, a kuma gaya musu sakamakon da harshen da suke ji. In ba haka ba, kukanmu zai ci gaba da zama jita-jita a kunnen mahukunta, ko da gaskiyarmu ta kai girman dutsen Bagzan.

INDA GAWAYIN YAKE

A ƙasarmu Nijar wurare biyu ne suka fi shahara da gawayi. Na farko shi ne Anu Araren, a gundumar Cirozerin, kamar kilomita 75 arewa maso yamma da Agadas. Abin lura, kalmar «anu» a harshen Tamajak rijiya take nufi. Wato tun kafin a san akwai gawayi a wurin, mutane da rijiya suka san shi. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, aka soma fitar da gawayi a 1980, tashar wutar lantarki kuma ta kama aiki a 1981, tana da injuna biyu masu ƙarfin megawat 37 da ɗoriya in an haɗa su. Buɗaɗɗen rami ne ake haƙa, ana yaye ƙasar sama har a kai ga gawayin. An gina tashar ne domin ta ba ma'adinan uraniyom na Arlit da Akokan wuta, tare da garuruwan Agadas da Cirozerin da Arlit. Ma'adinin COMINAK na Akokan ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, amma garuruwan suna nan, buƙatarsu ta wuta kuma ƙaruwa take yi.

Na biyu shi ne Salkadamna, wajen Takanamat a jihar Tawa, inda aka gano gawayi miliyoyin tan. A 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya aza tubalin aikin haƙarsa da gina babbar tashar wuta, sai dai aikin ya yi ta jan ƙafa. Da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024, kowa ya ɗanɗana duhu, maganar Salkadamna kuma ta sake tasowa da ƙarfi. Wannan yanki kuwa hanya ce ta garkunan da ke hawa Azawak da damina su sauko da kaka.

Kada wani ya ɗauka muna gaba da gawayi. Mu ma ƴan ƙasa ne. Matanmu suna haihuwa a likitar da ke buƙatar wuta, allurar rigakafin dabbobinmu a firji ake ajiye ta, ƴaƴanmu da ƙannenmu suna cikin masu cin abinci a waɗannan kamfanoni. Gawayin girki da ake sarrafawa daga na ƙasa yana rage saran itatuwan da raƙumanmu da awakinmu ke ci. Duk wannan mun sani. Abin da muke cewa shi ne wuta tana da farashi, kuma bai kamata a biya shi da ruwan makiyayi a ɓoye ba.

YADDA RAMI KE TAƁA RIJIYA

Hanyoyi uku ne. Ya kamata kowane arɗo, kowane garso, kowane shugaban zango ya san su, domin ya iya magana a gaban injiniya ba tare da an raina shi ba.

Hanya ta farko ita ce janye ruwa. Duk wanda ya taɓa yasar rijiya ya san cewa ba a aiki a ƙasanta sai an kwashe ruwan. Haka ramin gawayi yake: da zarar ya nutsa ƙasa da inda ruwa ke kwance, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ciki, dole a sa injuna su riƙa zuƙe shi dare da rana. Ramin ya zama wata ƙatuwar rijiya ke nan wadda ta fi ta kowa zurfi, ruwan kewaye kuma sai ya karkata zuwa gare ta. Rijiyar da ke kusa ita ke fara sauka, sannan ta nesa, a hankali, shekara bayan shekara. Idon ruwa ya fi rijiya rauni, domin rijiya ana ƙara mata igiya ko a ƙara mata zurfi, amma idon ruwa ƙarfin turowar ƙasa ne ke fito da shi. Da ƙarfin ya ragu kaɗan sai ya ɗauke, babu igiyar da za a ƙara masa.

Hanya ta biyu ita ce tsamin ruwa. A cikin gawayi da duwatsun da ke tare da shi sau da yawa akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, ana ce masa pirit, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Amma in aka tono shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da asid, irin wanda ke cikin batirin mota, sai dai tsarmakakke. Wannan ruwa mai tsami yana narkar da ƙarafan da ke cikin dutse, kamar ƙarfe da manganez da alminiyom, wani lokaci har da arsenik da dalma, ya kwashe su ya gangara da su cikin ƙorama ko ya nutse da su ƙasa. Alamarsa a ido ita ce tsatsa ja ko ruwan ɗorawa a kan duwatsu da yashin da ya bi. Amma fa a kula, ruwa yana iya zama garau kamar hawaye kuma yana ɗauke da cuta. Wani abin tsoro game da wannan tsami shi ne ba ya tsayawa ranar da kamfani ya tashi. Yana iya ci gaba shekaru gommai bayan an rufe rami.

Hanya ta uku ita ce tashar wutar kanta. Gawayi ba ya zama lantarki sai an tafasa ruwa da shi, tururin ya juya inji, sannan a sanyaya. Saboda haka tashar gawayi mashayiyar ruwa ce babba, kuma a ƙasa irin tamu da babu kogi kusa, daga rijiyoyin inji, wato foraji, take sha. Bayan haka ga toka. Tokar gawayi tana tara gishiri da ƙarafan da wuta ba ta ci ba. In an jibge ta a fili, iska ta watsa ta bisa ciyawa, ruwan sama kuma ya wanke ta ya shigar da abin da ke cikinta ƙasa.

RUWANMU TSOHON RUWA NE

Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit ya ratsa Dabus ya ga raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. A duwatsun Abzin kuma akwai zanen shanu birjik. Wannan shaida ce cewa an yi zamanin da ƙasar nan take kore, da tabkuna da ciyawa. Yawancin ruwan da ke kwance cikin dutsen yashi na yammacin Abzin a irin wancan zamani ya taru, shekaru dubbai da suka wuce. Yau ruwan saman da Agadas ke samu a galibin shekaru ba ya wuce milimita 150, abin da ke nutsewa ya kai can ƙasa kuwa ɗan kaɗan ne. Wato rumbu ne da kakanni suka gada cike, ana ɗiba, ba a zubawa sai da cokali.

Daga irin wannan rumbu ne idanun ruwan Irazer ke ɓullowa, su Tegidda-n-Tesum da Tegidda-n-Adrar da Azelik da Gelele, da forajin da ruwansu ke fitowa da kansa ba inji. Su ne ke tara mu kowace shekara, Abzinawa da Fulani da Woɗaɓe da Larabawa, lokacin lasar gishiri a Ingal cikin watan Satumba. Ba mu ce ramin gawayi ɗaya zai ƙafar da su ba, akwai tazara tsakani. Amma masu ɗiba daga dutsen yashin nan sun yi yawa: ma'adinai, garuruwa, garake masu injin ban-ruwa, da mu kanmu. In kowa yana ɗiba ba mai lissafi, ranar da idon ruwa ya ɗauke kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi zai kwana da ƙishirwa.

GEMUN MAƘWABCI

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Inugu ta Nijeriya an gano gawayi a 1909, aka soma haƙarsa ƴan shekaru bayan haka. An daɗe da barin manyan ramukan, amma masu bincike na jami'o'in ƙasar sun sha nuna cewa ruwa mai tsami yana fita daga tsohon ramin Onyeama yana shiga kogin Ekulu, wanda jama'a ke amfani da shi. Masu haƙa sun tafi, tsamin ya zauna.

A Afirka ta Kudu, a watan Janairu na 2012, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, ruwa mai tsami daga wuraren haƙar gawayi ya malala cikin madatsar da garin Karolina ke sha. Mutanen garin suka yi watanni ba su iya shan ruwan famfonsu, sai da kotu ta tilasta wa hukuma kai musu ruwa.

Misali na uku a gida yake, kuma ba ruwansa da gawayi, amma darasinsa ya fi kowane zafi. A Tibirin Maraɗi, foraji da aka soma sha a 1985 yana ɗauke da sinadarin fuliyor wanda ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa kamar sau uku zuwa huɗu. Daga cikin dutsen ƙasa yake, ba wanda ya zuba shi. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗaci. Aka yi ta sha har wajen shekarar 2000, sai da haƙoran yara dubbai suka ɓaci, ƙasusuwan ɗaruruwa suka tanƙware, sannan aka farga. Da ana auna ruwan nan a kai a kai, ana kuma faɗin abin da aka gani, da yawancin yaran nan sun tsira. Jikin yaro bai kamata ya zama shi ne ma'aunin ruwa ba, haka ma cikin saniya.

GASKIYA ƊAYA CE

A nan dole mu gaya wa kanmu gaskiya. Ba duk rijiyar da ta sauka ce laifin rami ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san rijiyoyi sun ƙafe a inda ko ƙyallin kamfani babu. Akwai rijiyoyin da Allah ya yi su da zartsi ko kanwa tun asali. Dabba tana mutuwa da cutar saifa, da ciwon huhu, da cin mugun haki, da haɗiyar leda. In duk abin da ya same mu muka ɗora wa kamfani, ranar da muka zo da gaskiya ba mai saurarenmu.

To wannan shi ne ma babban dalilin awo. Awo ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa. In an sa ido kan rijiyoyi biyu, ɗaya kusa da rami ɗaya nesa da shi, duka suka sauka daidai a shekarar fari, to fari ne. In ta kusa ta yi ta sauka har a shekarar da damina ta yi kyau, ta nesa kuwa ta cika, to sai a zauna a yi magana. Kamfanin da ya san hannunsa tsarkakakke ne shi ya fi kowa cin ribar awo, domin zai wanke shi daga zargi. Wanda ke gudun ma'auni shi ya san abin da ke cikin buhunsa.

Ga kaɗan daga cikin lambobin da ya kamata mu riƙe. Tsamin ruwa ana auna shi da ma'aunin da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ruwan sha nagari yana tsakanin 6,5 da 8,5, ruwan rami mai tsami kuwa yana iya sauka zuwa 3 ko ƙasa. Kowace lamba ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma ke nan. Ga ruwan da mutum zai sha, OMS ta sa iyakar arsenik da dalma a miligiram 0,01 cikin lita, uraniyom 0,03, fuliyor 1,5. Ga dabbobi, in gishirin da ke narke a ruwa ya wuce giram 5 cikin lita, a kiyaye masu ciki da masu shayarwa, in ya wuce giram 10 kuwa bai dace da galibin dabbobi ba. Sinadarin sulfat, wanda shi ne ya fi yawa a ruwan ramin gawayi, in ya haura giram ɗaya cikin lita yana sa zawo, yana rage wa dabba sha da ci, yana hana jikinta amfana da sinadarin jan ƙarfe har gashinta ya koɗe. In ya yi yawa ƙwarai yana taɓa ƙwaƙwalwar saniya ko tunkiya ta makance ta riƙa tangaɗi. Saniyar da ke shan lita 30 zuwa 40 a rana da bazara, a lissafa abin da take tarawa a cikinta kafin ruwa ya sauka.

DOKA TANA TARE DA MU

Ba alfarma muke roƙo ba. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince makiyaya suna da haƙƙin fifiko a kan makiyaya da ruwan mazauninsu na asali, ta kuma ce ba a raba su da wannan haƙƙi sai don amfanin jama'a, bayan an biya su diyya ta adalci tun da farko. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali. Dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010 ta kafa ƙa'ida cewa mai ɗibar ruwa ya biya, mai gurɓata shi ma ya biya. Dokar ranar 14 ga Mayu 2018 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a ji ta bakin jama'ar wurin, hukumar BNEE kuma ta bi sawu.

Amma duk waɗannan dokoki kamar bindiga ce ba harsashi in babu awo. Ta yaya mai gurɓatawa zai biya in ba a nuna ya gurɓata ba? Ta yaya za a biya diyyar rijiyar da ba a taɓa rubuta sunanta da zurfinta ba? Kuma sau nawa ake kiran taron jin ra'ayin jama'a a lokacin da masu garkuna suke can nesa wajen ciyawa, a tara mutanen gari kaɗai, a rubuta cewa jama'a sun yarda? Makiyayin da ke shayarwa a rijiya wata uku a shekara, shekara arba'in, shi ma jama'ar wurin ne.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Tun ran gini ran zane. A Salkadamna da duk inda za a buɗe sabon rami, a ƙidaya dukkan rijiyoyi da foraji da idanun ruwa da tabkuna na kewaye, har da ƙananan rijiyoyin da muke tona wa cikin yashin ƙorama, a auna zurfinsu da lafiyar ruwansu aƙalla shekara guda cur, rani da damina, kafin a taɓa ƙasa. Makiyaya su ne za su nuna wuraren, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. A Anu Araren, inda aiki ya haura shekara 40, a fito da duk awon da aka tara tun farko a ajiye shi a ofishin kwamin da na ma'aikatar ruwa, inda kowa zai iya gani.

3. A haƙa rijiyoyin awo na musamman kewaye da rami da wurin jibge toka da wurin forajin tasha, wasu ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, wasu ta inda yake nufa, wasu kuma can nesa domin gwadawa. A auna zurfi kowane wata. A ɗebi ruwa a kai ɗakin bincike aƙalla sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara.

4. Kada kamfani ya zama shi ne mai awo shi ne mai shaida. Ranar ɗibar ruwa wakilan makiyaya da na hukumar filaye, wato COFO, su kasance a wurin. A raba ruwan kwalba biyu a liƙe a gabansu, ɗaya ta kamfani, ɗaya ta tafi wani ɗakin bincike dabam. Muna da LANSPEX da LABOCEL a Yamai, muna da Jami'ar Abdu Mumuni, ga jami'o'in Agadas da Tawa. Ƴaƴan ƙasa masu ilimin ruwa ba su ƙare ba.

5. A faɗi sakamako cikin wata guda, a rediyon karkara da kasuwannin dabbobi, da Hausa da Tamajak da Fulatanci. In an ga haɗari, a sanar nan take, a kawo wani ruwan kafin a fara gardamar wane ne mai laifi.

6. A killace duk inda ruwan rami ke taruwa ko malala. Dabba mai ƙishirwa ba ta karanta allo.

7. Kuɗin awo ya fito daga aljihun mai haƙa, amma ya bi ta hannun hukuma. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. Muna kira ga hukumomin kwamin su cire wani abu daga rabonsu domin ruwan makiyaya. A kuma tilasta ajiye kuɗin gyara da na ci gaba da awo bayan an rufe rami, tun kamfani yana da rai.

NAMU AIKIN: LITTAFIN RIJIYA

Ƴan'uwa, kada mu zauna jiran a yi mana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Muna kira ga kowane reshe na ƙungiya ya buɗe littafi ga kowace rijiya da idon ruwa da ke yankinsa, daga wannan wata. Abin da ake buƙata bai fi littafin lakwal da biro da igiya ba.

A sami igiya guda wadda ba ta miƙewa, a ƙulla ta mita-mita, a ɗaura mata dutse, a ajiye ta domin wannan aiki kaɗai. A yi alama a bakin rijiya inda za a riƙa aunawa kullum. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ja, a saka igiya har ta taɓa ruwa, a rubuta kwanan wata da tsawon. Ga idon ruwa, a tara bido mai lita 20, a duba agogo ko salula a ga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika. A rubuta launin ruwa da warinsa da ɗanɗanonsa, da ko dabbobi sun sha ko sun ƙi. In dabba ta yi ɓari ko ta mutu, a rubuta, a kira malamin dabbobi ya gani kafin ungulu ta riga shi. Wanda ke da salula mai hoto ya ɗauka. A rubuta da boko, ko ajami, ko tifinar, duk rubutu ne. In babu mai rubutu a zango, ɗan lakwal ko malamin allo ya taimaka. Kowane wata uku a kai littafin ga mai gari ko shugaban ƙabila ya sa hannu da hatimi, a aiko mana da kwafi. Kada a ƙara, kada a rage. Littafin da aka kama da ƙarya sau ɗaya ya mutu, ya kuma kashe na sauran.

Mata su ne kan gaba a wannan aiki. Su ke ɗibar ruwan gida, su ke fara ganin sabulu ya ƙi kumfa, ko shayi ya sake launi, ko cikin yara ya ɓaci. A sa su cikin kwamitin kowace rijiya, a kuma rubuta abin da suka faɗa.

Wani zai yi dariya ya ce igiya da bido za su yi gardama da injiniya? To ai injiniyan ma da igiya yake aunawa, tasa dai tana da ƙararrawa a baki. Littafin da aka cika da gaskiya wata 60 a jere, babu masanin ruwan da zai ture shi gefe. Dattijon da muka ba ku labarinsa ya rasa takarda ranar da aka tambaye shi. Muna so in an yi wa ɗansa wannan tambaya, ya sa hannu cikin jaka ya fito da littafi.

Duk reshen da ya fara, ya aiko mana da labari, za mu buga sunan rijiyar da lambobinta a wannan fili domin sauran su gani su yi koyi. Allah ya tsare mana ruwanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai fitowa ta gaba.